Hannun Tsigi a Kan Linzami

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Da fatan ƙafar nan taki ta daina kumburi, kuma kina shan maganin da na aiko, ba ajiye shi kike yi a saman firji yana shan ƙura ba. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiyar asibiti. Ɗakin masu karaya aka mayar da ni, yini nake ina ɗaga ƙattin mutane ina juya su. Ki shafa mini kan Tsigi.

Takarda na rubuto domin waya ta gagare mu. In na kira, sai ta yi ta kuka a cikin jakarki ba ki ji ba. Ran da aka yi sa'a kika ɗauka, ke za ki cinye hirar da labarin famfo da na maƙwabta, sai na kusa komawa bakin aiki ki miƙa wa yarinya. Wancan karon ko "Mama" ba ta ce ba. "Ina wuni" ta ce mini, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa. Yaya, abin ya tsaya mini a rai. Rabona da ita tun tana shekara huɗu, ga shi tana neman shida, ban san ko ta fara famfara ba. Ubanta ya riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai ta rage mata, kuma ba na son 'yata ta manta fuskata ina raye.

Shi ya sa na ba direban motar kaya wannan kwali. A ciki akwai ƙaramar kwamfuta, da ɗan akwatin intanet, da linzami, wato abin nan mai doguwar waya da ake turawa a kan tebur. Na riga na saita komai. A jona ta, a buɗe, a bar ta a falo. In na kira, hotona zai fito da da'ira biyu a ƙasansa, kore da ja. Abin da ake so kawai, Tsigi ta tura linzamin har kibiyar da ke kan allo ta hau kore, ta danna sau ɗaya. Shi ke nan, ta gan ni na gan ta, ba sai an jira kunnen kowa ba. In linzamin ya yi wa hannunta girma, akwai ɗan faranti a ƙasan madannai, da yatsa ɗaya ake shafa shi, kibiyar ta bi.

Ba sai kin wahalar da kanki ba. Malamar ajinsu za ta nuna mata in kika roƙe ta, yaran yanzu kafin ki juya sun kama. Wannan ba irin tafiretarku ta da ba ce.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Takardarki ta iso, kwalinki ya iso. Ƙafa da sauƙi, magani ina sha, firji ma yana godiya da kika tuna da shi. Tsigi lafiya lau. Haƙori ɗaya ya fita, na ƙasa, tana ta cusa harshe a gurbin.

"Ba sai an jira kunnen kowa ba." Kunnen wa ke nan? Kunnen da ya sha kukanki tun ba ki san sunanki ba? To, na gane karatun. An samo hanyar zagaye tsohuwa mai nauyin kunne, a bar mata wanki da tsefe kai, hira kuma a yi ta bayanta. Sannan wai in je in roƙi malamar aji. Ni! Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a gaban na'ura, na buga takardun ofishin da ke ko ƙofarsa ba za a bari ki leƙa ba. Kin taɓa ganin malamar kuwa? Yarinya ce ƙarama mai zaƙo-zaƙon farce, in tana rubutu a waya da yatsa biyu take tsattsaga kamar kaza a kan tsaba. Ita ce za ta koya wa 'yar gidana riƙon na'ura? Allah ya sawwaƙe.

Ni zan koya mata, kuma yadda aka koya mana. A makarantar tafireta ba a barin ɗalibi ya taɓa inji sai hannunsa ya nuna. A kan katako aka zana mana haruffa, muka yi ta bugun katako har kowane yatsa ya san gidansa, sannan aka yaye mana rigar inji. Saboda haka kwamfutarki na mayar da ita kwalinta, na kulle a sif. Yarinyar da kofi ma ba ya kwana lafiya a hannunta ba zan damƙa mata abu mai gilashi ba.

Na gwada linzamin naki da sabulun wanka, kusan girmansu ɗaya. Na samo sabo, na ja masa layi a tsakiya da wuƙa, hagu da dama. Na zana da'ira biyu a bayan tsohuwar kalanda, na shafa wa ɗaya kore, ɗaya ja. Kullum in ta dawo makaranta ta ci abinci, sai mu zauna a teburin falo. Baya a miƙe, gwiwar hannu a jiki, tafi ya rufe sabulu, manuniya a ɓangaren hagu. In ce "kore", ta tura sabulu ya hau kore, ta danna. In ce "ja", ta kai shi ja. Zo ki ga hannu! Ko ni a shekarunta ban kai haka ba.

Kuma ki daina cewa "tafiretarku ta da". Tafiretar nan ce ta ciyar da ke har kika yi bakin da kike rena ta da shi.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin labarin ƙafa. Haƙorin nan ki adana mini shi don Allah, kada ki share da shara.

Sabulu, Yaya? Sabulu? A ɗakin hutu na buɗe takardarki, sai da na zauna. Wata abokiyar aikina ta ga fuskata ta tambaya ko rasuwa aka yi. Da na gaya mata, dariya ta yi har shayi ya sarƙe ta. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Duk ranar hutuna sai na yi wanka, na ɗaura ɗankwali mai kyau, na zauna gaban waya ina kira, ashe abin da nake kira yana cikin sif tare da tsofaffin zannuwanki.

Bari in yi miki bayani a hankali, tun da abin ya zo bayan zamaninki. Ba a kan da'irar ake ɗora linzami ba. Linzami yana ƙasa, a kan tebur. Kibiya tana sama, a kan allo. Hannu yana tafiya a nan, ido yana kallon can. Duk wahalar abin ke nan ga yaro, ya yarda cewa abin da yake turawa a ƙasa shi ke motsa abin da yake gani a sama. Ta yaya sabulu zai koya mata wannan? Sabulunki yana da kibiya ne? Abin da kike yi, kina koya mata ta zuba wa hannunta ido, kuma shi ne ainihin abin da ba a so.

Ni ban ce ke kurma ce ba, ke kika faɗa da bakinki. Kullum haka kike, a miƙo miki magana a faranti ki juya ta ki nemo ƙaya a ƙasa. Na san ma yadda kike karanta takardata, da ƙarfi kamar mai shela, kina tsayawa kina ba ni amsa ni da ba na nan, har masu wucewa ta bakin taga su sha labari.

Ki fito da kwamfutar nan. In ta fashe ta fashe, ni na aiko, ba zan tuhumi kowa ba. Sabulun kuma a kai shi banɗaki ya yi aikin da aka yi shi dominsa.

Auta

*

Yaya,

Lafiya kuwa? Ba amsa, wayarki kuma a kashe. Na je neman direba a tasha, aka ce bai dawo ba, sai wani na ba wannan takardar. In fushi kike yi, ki yi da ni, kada ki haɗa da yarinya. Ko layi ɗaya ne ki rubuto in san kuna raye. Na kasa cin abinci, jiya har na kusa ba mara lafiya maganin maƙwabcinsa.

In kuwa shirun nan horo ne kike yi mini saboda na taɓa martabar sabulu, to, ya isa haka.

Auta

*

Auta,

Muna raye, kwantar da hankalinki kafin ki kashe bayin Allah. Motar direbanki ce ta lalace a hanya, takardunki biyu rana ɗaya suka shigo hannuna, ta zagi a sama, ta kuka a ƙasa. Wayata kuma ta faɗa bokitin wanki. Ba wanda ya yi fushi da ke, ba ki kai ba. Ƙafa ta ɗan tashi saboda tsayuwa. Tsigi ta yi mura ta warke. Haƙorin yana cikin gwangwanin allura.

Na fito da kwamfutar. Ba don kin faɗa ba, don hannu ya nuna ne. Mai gyaran waya na bakin titi ya zo ya jona ta, ya buɗe wani wasa da kika saka na da'irori masu launi, ya tafi. Na zaunar da Tsigi, baya a miƙe, na ɗora hannunta a kan linzami, na ce "kore".

Sai ta ɗaga linzamin ɗungurungum, da wayarsa da komai, ta manna shi a jikin gilashi daidai kan kore, ta danna. Tsaf, ba karkata. Na'urar ko gezau.

Kada ki yi murna. Yarinya ta yi daidai abin da hankali zai ba kowa, na'urar ce ba ta da tarbiyya. A tafireta in ka bugi harafi, harafin ne yake fita, a gabanka, da ƙararsa. Wane irin inji ne za ka taɓa shi a gabas ya amsa a yamma? Wanda ya ƙera wannan abu bai taɓa zama a ofis na gaskiya ba.

Muka koma kan farantin naki. Na ce bari in fara nuna mata. Na buga masa yatsa yadda ake buga inji, kibiyar ta yi tsalle ta ɓace, wasu abubuwa suka buɗe birjik waɗanda ban kira su ba. Tsigi ta sa hannu biyu gaba ɗaya, ga yatsu da danshin lemo, allon ya kumbura ya koma ya tsuke. In ta kai bakin faranti sai ta ci gaba da shafa jikin kwamfutar har kan tebur, tana mamakin me ya sa kibiya ta tsaya.

Muna cikin haka sai ga hotonki ya fito, abin yana kuka. Har ni na ji. Kin rame, kuma wannan ɗankwalin bai karɓe ki ba. Tsigi ta yi ihu, "Inna, ga Mama!" Ta fizgi linzami ta yi ta goga shi a kan koren tana dannawa. Ni kuma ina neman kibiya, ta maƙale a wani lungu ta ƙi fitowa. Har kukan ya ƙare, fuskarki ta tafi. Yarinyar nan ta kifa kai a tebur ta yi kuka har da shessheƙa. Sai da na goya ta, ƙatuwa da ita, ga ƙafata.

Kin ga abin da kwalinki ya jawo mana. Da muna zaune lafiya.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Ashe ranar tana gabana. Ina nan ina kallon abu yana ta ƙara, ina cewa yau ma ba kowa, ashe 'yata tana can tana goga roba a kan fuskata. Kuma har kina da bakin cewa kwalina ne ya jawo. Ba kwalina ba ne, Yaya, sabulunki ne. Kin ɗauki makonni kina dasa mata kuskure da hannunki, kina yaba wa kanki, don kawai kada a ce wata yarinya mai farce ta fi ki sanin wani abu a duniya. Girman kanki ya fi miki hawayen yarinya.

Ramar da kika gani, ke ce. Ɗankwalin kuma naki ne, ke kika ba ni ran da zan taho.

Na gaji da ja-in-ja a takarda. Na yi magana da matar Kawu. Gidansu akwai kwamfuta tun yaranta suna rarrafe, ƙaraminsu ma ya iya kiran ubansa shi kaɗai. Ta ce a kawo Tsigi, akwai gado a ɗakin 'yan mata. Ba zan aiko a ɗauke ta kamar kaya ba, ni uwa ce. Ran da Allah ya sa ta ɗauki kirana, da bakina zan gaya mata ta haɗa kayanta. Ke kuma ki huta, ki samu lokacin goge tafiretarki.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Ƙafa ta sauka. Haƙori na biyu yana girgiɗi.

Matar Kawu! Sannu da dabara. Matar da yaranta ba sa gaida mutane, in ka shiga gidan kowa ya dunƙule a lungu fuska na haske kamar an kunna masa fitila a haɓa. Matar da ba ta san ranar da 'yarta ta yi kitso ba. Can za ki kai yarinyar da ba ta barci sai an sosa mata baya? Ita matar Kawun ta san ba ta shan madara in da yanar sama? Ke kanki kin sani? Na karanta takardarki a falo, kuma na ba ki amsar da ta dace da ke tun kafin in ɗauki biro. Abin da na faɗa ba zai rubutu ba.

Yanzu ga labari, ki kai wa abokiyar aikinki mai shayi. Akwai abu na biyu da ake yi a makarantar tafireta, wanda ku masu ilimin zamani ba ku sani ba. In ɗalibi ya cika kallon yatsunsa, sai a rufe masa hannu da ƙyalle. Na ɗauko tawul ƙarami na lulluɓe hannun Tsigi da linzamin gaba ɗaya. Na ce, "Hannu ya tafi unguwa, ki nemo mini kibiya." Da farko ta yi ta leƙa ƙarƙashin tawul. Can sai ta motsa, kibiya ta motsa. Ta tsaya, kibiya ta tsaya. Ta juyo ta dube ni baki buɗe ta ce, "Inna, bina take yi!"

Daga nan sai abin ya zama wasa. Ta gane in linzami ya kai bakin tebur, ɗaga shi ake yi a dawo da shi tsakiya. Ta daina danna wa abu sau biyar. Matsalar da ta rage, in za ta danna sai hannun ya zame, na sa ta riƙa cewa "tsaya, danna, saki". Akwai wasan fasa balan-balan a ciki, yanzu ba ta barin ko ɗaya ya tsere. Farantin ma ta iya, yatsa ɗaya, busasshe, a hankali. Ni dai har yau ba ma shiri da shi, kuma ban ga abin da na rasa ba.

Tawul ya koma kicin. Kwamfuta tana kan tebur a buɗe. Ki kira ran hutunki ki ga aikin tsohuwa mai sabulu. Maganar haɗa kaya kuma, sai ki faɗa mata ɗin, mu gani.

Yayarki

*

Yaya,

Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, ina fata kuna lafiya.

Na kira. Ya fara ƙara ke nan aka katse. Na ce ko intanet ne, na sake kira, aka sake katsewa. Na uku ma haka. Wannan ba ƙarewar kira ba ce, na san bambanci. Ja aka danna.

Abu biyu ne. Ko dai gwanar taki da kike ta kurari da ita har yanzu ba ta san kore da ja ba, hannun yana zamewa, tawul ɗin ma aikin banza ne irin na sabulu. Ko kuma ke ce kika zauna a gaban na'urar kika kashe, don kada in faɗa mata abin da na ce zan faɗa. In na farko ne, abin tausayi. In na biyu ne, Yaya, ban taɓa zaton ƙanƙantarki ta kai nan ba. Ki raba uwa da 'yarta saboda ba ki son zama ke kaɗai a gida?

Ki gaya mini wanne ne.

Auta

*

Auta,

Lafiya muke. Haƙorin ya fita, suna biyu yanzu a gwangwani.

Ba ko ɗaya. Ni da faranti da linzami ba mu taɓa shiri ba, kin sani, ko na so in kashe kiranki sai na kwana ina neman kibiya. Hannun Tsigi kuma ba ya zamewa. Ki zage ni a kan komai, ban da wannan.

Ina zaune a kujerar gefe na ɗora ƙafa a kan matashi. Na yi mata wanka, na sa mata rigar da kika aiko. Hotonki ya fito. Ta miƙe baya, ta ɗora hannu, ido a kan allo, ko sau ɗaya ba ta kalli yatsunta ba. Ta ɗauko kibiya daga can sama, ta kawo ta kan kore, daidai tsakiya. Ta tsaya. Ina ganin yadda take numfashi. Sai ta ja ta a hankali zuwa ja, na ga bakinta yana cewa "tsaya, danna, saki". Fuskarki ta tafi.

Na ce a raina kuskure ne. Kika sake kira, ta sake yi. A na uku ko biyawa ta kan kore ba ta yi ba.

Na ce, "Ke, Mamanki ce fa!"

Ta ce, "Na sani."

"To, me ya sa?"

Ta ce, "In na danna kore za ta ce in haɗa kayana. Ni ba na son gidan matar Kawu." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma ai ke kika ce ba ta da kunya, ta jefar da ni ta tafi juya ƙattin banza."

Haka ta faɗa, da muryata, har da yadda nake jan "banza". Kin ce ina karanta takarda kamar mai shela. To, ga wadda take zaune a ƙarƙashin tebur tana sauraron shelar, da taki da tawa, tun daga ta farko. Ni da kunnena ya yi nauyi na ɗauka na kowa ma haka yake. Ke kuma da kike da ilimi, kin san da ƙarfi nake karatu, kika rubuto maganar haɗa kaya. Kada ki ce in ɗauki kayan laifin nan ni kaɗai, ba zan ɗauka ba.

Abin da ya fi ci mini rai bai zo ba tukuna. Can sai ta matso ta dafa gwiwata ta ce, "Inna, na danna daidai? Sau ɗaya na danna, hannuna bai motsa ba." Jira take in yaba mata. Na ce mata ta danna daidai, don gaskiya ce. Daga nan na shiga banɗaki na daɗe ban fito ba.

Tun ranar ba ta ƙara taɓa wasan balan-balan ba. Takan zo ta tsaya gaban na'urar ta tambaye ni ko yau ranar hutun Mama ce. In na ce a'a, ban san ko daɗi take ji ko akasinsa ba.

Na koya mata kai kibiya inda take so. Inda za ta so ɗin, wannan ba a makarantar tafireta aka koya mana ba. Ba zan kama hannunta in kai shi kore ba, ko da na iya. Ke ce uwa, kin faɗa. Sai ki san abin yi.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida ƙafa. Maganar da ke tsakanina da ke tana nan, ban yafe ba, "ƙattin banza" kuma za ki maimaita mini shi ido da ido in na samu hutu. Na nema, sun ce sai an samu wadda za ta karɓe ni.

Wannan takardar ki karanta ta da ƙarfi, yadda kika saba. Ki kira ta ta fito daga ƙarƙashin tebur ta zauna a kujera. Kuma don girman Allah, sau ɗaya a rayuwarki, kada ki ƙara ko kalma ɗaya taki.

Tsigi, ni ce Mama.

Inna ta gaya mini kin iya linzami, har da faranti, wanda ita ma ba ta iya ba. Na ga dannawarki daga nan. Kin danna daidai, hannunki bai motsa ba. Ban taɓa ganin yarinya mai hannu irin naki ba.

Ba za ki je gidan matar Kawu ba. Na fasa. Kayanki su zauna inda suke, ke ma ki zauna wurin Inna tana sosa miki baya. Ban jefar da ke ba. Aiki na tafi, kuma kullum in na ɗaga mara lafiya, ke nake tunawa, da yadda nake ɗaga ki kina ƙarama.

Ranar hutuna zan kira. Ba abin da zan ce ki yi. Gurbin haƙoranki kawai nake son gani, an ce biyu ne. Kibiyar taki ce, ki kai ta inda kike so. In kin danna ja, ba zan yi fushi ba, zan sake kira wani hutun. In kin sake danna ja, zan sake kira.

Zan ɗaura ɗankwalin nan da Inna ta ce bai karɓe ni ba, don ki gane ni ce.

Mamanki